Wa Ya Kaɗe Ɗorawar Bana

Malam Maitama ba mugu ba ne, wannan kam sai a faɗa tun farko don kada a ɗauki alhakinsa. Mutum ne mai salla a kan lokaci, mai zuwa duba mara lafiya ko da ba ɗan unguwarsu ba ne. Abu ɗaya ne ya ci shi, kishin Raufu, kuma ya ci shi har ƙashi.

Shekara goma sha tara ya yi yana akawun kotu, daga Kafur zuwa Malumfashi, daga nan zuwa Funtuwa. Babu irin rikicin gona da bai rubuta da hannunsa ba. Da ya ajiye aiki sai wani babban lauya na Zariya, Lauya Tajudeen, ya buɗe ɗan ofis a bayan tashar jirgin ƙasa ta Funtuwa, inda manomi zai kawo kukansa a duba masa kyauta, ya ɗauki Maitama ya damƙa masa makulli. Duk shekara ana turo sabon lauya ɗaya daga makarantar lauyoyi ta Ikko, ya zauna ya koyi aikin talakawa. Shi kuwa Lauya Tajudeen ran Asabar kaɗai yake leƙowa. Ranar da ya ba Maitama makullin ya ce masa, "Malam, littafi sun karanta, sun ƙoshi. Kai ka koya masu ƙasa."

Shekara uku Maitama yana jin daɗin aikin nan. Segun ya zo ya tafi, Chinwe ta zo ta tafi, wani dogo mai tabarau shi ma ya zo ya tafi, kuma dukansu babu mai jin Hausar da ta wuce ta cinikin tumatir. Manomi ya shigo, gaban teburin Maitama yake durƙusawa. Maitama ne kunnen lauya, shi ne bakinsa. In ya ce a rubuta kaza sai a rubuta, in ya ce wannan mutumin ƙarya yake yi, to, ƙarya yake yi.

Sai a shekarar 1979 aka turo Raufu.

Raufu Bayarabe ne, amma a nan Funtuwa aka yanke masa cibiya. Ubansa gyaran keken ɗinki yake yi a bakin kasuwa, uwarsa tana sayar da atamfa. Hausa kuwa in yana yi a bayan labule sai ka rantse ɗan Bakori ne. Ba ya bukatar tafinta. Tun makon farko manoma suka gane haka, suka fara wuce teburin Maitama da sallama ɗaya tak, suna faɗawa ɗakin ciki. Maitama yana zaune yana jiyo dariyarsu ta bayan ƙofa, yana cewa a ransa: wai yau ɗan mai gyaran keken nan ne Lauya, wanda na sani tun yana yawo da majina.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yaron ba shi da girman kai ko kaɗan. Da ma ya zo da fankama, da Maitama ya sami abin kamawa. Ina! Kullum da safe sai ya rusuna ya ce, "Malam, an tashi lafiya?" sannan ya jawo kujera su bi takardun ranar ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda dokar ofishin ta ce. Yana tambaya, yana rubutawa a ɗan littafinsa. Sai dai yana da saurin kamawa, tambayoyin suna ta raguwa. Wata shida da zuwansa, rannan suka gama bitar safe kaf bai tambayi komai ba, ya ce dai, "Madalla, Malam," ya tashi. Maitama ya wuni bai ci abincin kirki ba.

Ana cikin haka wani tsoho ya zo daga wajen Kafur da ƙwan zabi a ƙwarya. Ya tsaya gaban Maitama, mutum mai furfura a gemu, ya ce, "Yaron Lauya, maigidan naka yana ciki?"

Kai! Da ƙasa za ta tsage da Maitama ya shige. Ya nuna masa ƙofa da haɓa. Da yamma Raufu ya fito da ƙwaryar ya ajiye masa a kan tebur ya ce a kai wa iyali. Maitama ya yi godiya, ya kai gida, ya hana kowa taɓawa har ƙwan ya lalace.

A tsakiyar bazara, zafi kamar ana hura wuta, Mero ta zo daga Dayi. Mace ce 'yar firit, ta kai shekara arba'in, ba ta daɗe da fita takaba ba. Mijinta ya rasu ƙarshen damina ya bar ta da marayu uku da gona ɗaya. Gonar nan tun yana da rai, da ciwo ya hana shi noma, ya ba maƙwabcinsa Aƙilu aronta, shekara huɗu Aƙilu yana nomawa. Da Mero ta ce bana za ta karɓi abarta ta noma wa 'ya'yanta, sai Aƙilu ya ce ai marigayi ya sayar masa yana kwance, kwana kaɗan kafin ya cika, a gaban surukinsa. Mero ta kai ƙara, an sa masu rana bayan mako biyar. In gonar nan ta tafi, ba ta da ko taƙi ɗaya a duniya.

A wancan zamanin lauya ba ya tsayawa ya yi magana a gaban alƙali a kotun yanki. Abin da ofishin ke yi shi ne a shirya mutum tun daga waje: a nemo masa shaidu, a koya masa abin da zai faɗa da wanda zai kiyaye. Raufu ya saurare ta tsaf, ya yi tambayoyi masu kyau, wannan ko Maitama bai isa ya musa ba. Akwai dattawa biyu da suka san maganar aron, ya rubuta sunayensu. Sannan ya rufe littafinsa ya ba ta shawarar da aka koya masa a Ikko.

Ya ce, "Inna, abu ɗaya nake roƙonki. Daga yau har ranar shari'a kada ƙafarki ta taka gonar nan. Ke ko 'ya'yanki. In kin shiga zai ce kin tsokane shi, a yi faɗa, a juya maganar ta koma kanki."

Mero ta ce, "Ko ɗorawar, Lauya? Ta kusa isa kaɗa."

Raufu ya yi murmushi ya ce, "Ɗorawar shekara ɗaya ce, Inna. Gona muke nema. Ki bar ta."

To, ga abin da ɗan bakin kasuwa bai sani ba. A ƙasar nan in ka ba mutum aron gona, ƙasa ka ba shi, ba itace ba. Ya noma dawarsa, ya cire audugarsa, amma in bazara ta yi, gidan mai gona ne ke zuwa da gora mai ƙugiya su kaɗe ɗorawa, su ci garin, su yi daddawa da kalwar. Wannan kaɗar ita ce takardar gonar. Duk wanda ya wuce ya ga matan gidan wane a gindin itacen ya san gonar wane ce, ko shekara ashirin wani ya yi yana nomanta. Bana kuwa ita ce bazara ta farko tun da Aƙilu ya ce ya saya. Duk Dayi ido suka zuba su ga wa zai ɗaga gora.

Maitama ya san wannan kamar yadda ya san sunansa. Yana zaune a bakin ƙofa da fayil a cinya, ya ji maganar ta taso masa har maƙogwaro. Mero ta juyo ta dube shi. Shi kuwa ya dubi Raufu, ya jira ya ji an ce, "Malam, yaya ka gani?" Raufu bai ce ba, yana can yana neman murfin alƙalaminsa a ƙarƙashin takardu. Sai Maitama ya sunkuyar da kai ya ci gaba da huda takarda yana zura zare. Mero ta ce, "To, Allah ya saka da alheri," ta yafa mayafinta ta fita.

Kada a ce Maitama ya yi niyyar gonar ta salwanta. Wallahi bai yi ba. Ranar Talata ce, lissafinsa shi ne ran Asabar Lauya Tajudeen zai zo, a zauna bitar mako, shi kuma ya gyara murya a gabansa ya ce, "Af, Lauya Raufu, ɗorawar matar nan fa?" Kwana huɗu ne kacal. Ɗorawa ba ta gudu. A ranar za a san wanda ya san ƙasa da wanda ya san littafi, a aika Dayi da yamma, shi ke nan, babu wanda ya yi asara sai girman Raufu. Kwana huɗun nan har waƙa yake yi ƙasa-ƙasa in yana share teburinsa. Ya gwada jimlar a bakinsa ya fi sau hamsin, wani zubin da "af", wani zubin babu.

Asabar ta zo, Lauya Tajudeen bai zo ba. Direban wata motar haya ya kawo 'yar takarda: shari'a ta riƙe lauyan a Kaduna, sai mako mai zuwa.

Nan fa hankalin Maitama ya ɗan tashi. Ran Litinin ya fito da babur ɗinsa da sassafe, ya sha mai, ya ce bari ya biya ofis ya faɗa wa Raufu kawai, ko ya wuce Dayi da kansa ya raɗa wa Mero a kunne. Tafiyar awa ɗaya da rabi ce, ba Makka ba. Yana isa ya tarar da mutum bakwai a ƙofar ofis, manoman auduga ne daga wani ƙauye da aka taɓa hana su hanyar rafi, an rubuta masu takardar koke, an buɗe masu. Takardar nan Maitama ne ya rubuta ta, tun daga bisimilla har sa hannu, kwana biyu yana fama. Sun zo godiya da rago.

Babbansu ya riƙe hannun Raufu da hannu biyu yana ta zuba addu'a. Raufu ya ce, "A'a, Baba, ga wanda ya yi aikin nan. Malam Maitama ne ya rubuta, ni sa hannu kawai na yi."

Tsohon ya ƙyalƙyale da dariya ya juya ga 'yan uwansa ya ce, "Kun ji ɗan halak! Har yaransa yake yabo. Allah ya ƙara ɗaukaka, Lauya."

Maitama ya tsaya da makullin babur a hannu, kunnuwansa suna zafi. Ya tura babur ɗin ƙarƙashin inuwa ya kafe shi. Ya ce a ransa: kwana biyar ne, ta jira. Ya shiga ya zauna. Duk makon nan Raufu ya gaishe shi sau shida da safe, sau shida suka bi takardu, fayil ɗin Mero ya wuce ta hannunsu sau biyu, Maitama ya ja bakinsa ya yi gum.

Asabar ta biyu fijo ɗin Lauya Tajudeen ta tsaya a ƙofa. Aka kawo shayi, aka zauna su uku. Raufu ya yi bayanin shari'ar Mero, shaidu biyu, aro tabbatacce, an gargaɗe ta kada ta shiga gona. Babban lauya yana gyaɗa kai. Maitama ya bari sai da aka kusa rufe fayil, sannan ya gyara murya.

Ya ce, "Af, Lauya Raufu, ɗorawar matar nan fa? Wa zai kaɗe ta bana?"

Ya yi bayani a hankali, dalla-dalla, yana jin daɗin kowace kalma. Yana kallon fuskar Raufu tana sauyawa, bakinsa ya buɗe, littafin nan ya zame daga cinyarsa ya faɗi. Lauya Tajudeen ya buga tebur ya ce, "Ka gani? Ka ga abin da nake faɗa maka? Shekara goma za ka yi a Ikko ba za a koya maka wannan ba. Malam, Allah ya bar mana kai." Maitama ya sunkuyar da kai irin na masu kunya, amma zuciyarsa fari ƙal. Rabon da ya ji sanyi irin wannan tun kafin Raufu ya zo.

Raufu ya miƙe tsaye ya ce, "Mu tafi yanzu. Don Allah, Malam, mu tafi yanzu."

Suka ɗauki fijo ɗin, suka bi ta Malumfashi, suka isa Dayi ana kiran la'asar. Ba su ma nemi Mero ba, gonar suka fara tambaya. Tun daga nesa Maitama ya hango itacen. Ba ko sili ɗaya a jiki. An kaɗe ta tas, ga ganye da ƙananan rassa a zube a gindi.

Wani mai kiwon awaki, dattijo, ya ba su labari ba tare da sun tambaya ba. Ya ce ɗorawar ta isa kaɗa tun kwana goma da suka wuce. Aƙilu bai taɓa ta ba, kullum sai ya zo ya tsaya a bakin gona ya duba hanya, don ya san in Mero ta zo da gorarta babu mai goyon bayansa ya hana ta. Kwana ɗaya, biyu, har bakwai, shiru. Ran Laraba da ta wuce ya ga dai ba ta zuwa, ya kwaso iyalinsa suka kaɗe da rana tsaka, mutane suna kallo, Mero tana cikin gida ba ta ko leƙo ba. Dattijon ya ce, "Mu dai da muka ga haka sai muka ce, to, ashe ta san an sayar."

Laraba. Maitama ya ƙirga da yatsunsa a cikin aljihu. Ran Litinin da ya kafe babur a inuwa ɗorawar tana nan a sama.

A hanyar komawa Raufu ne ke magana shi kaɗai. "Ni na yi wannan. Ta tambaye ni da bakinta, na yi mata dariya. Malam, me ya sa ban tambaye ka ba?" Bai taɓa kawowa a ransa cewa Maitama yana wurin ranar ba, ko kuwa ya tuna amma bai yarda zuciyarsa ta kai shi can ba. Maitama ya ce, "Ƙaddara ce, Lauya," ya juya yana kallon gonaki ta taga.

Ranar shari'a suka je su biyu suka zauna a benci na baya. Dattawan Mero suka ba da shaida cewa aro kam an yi, a gabansu aka yi. Aƙilu bai musa ba, ya ce aro ne da farko, ciniki daga baya, ga surukinsa shaida. Alƙali tsoho ne da ya san ƙauye, bai gamsu da shaidar suruki ita kaɗai ba. Ya dubi dattawan ya ce, "Akwai itace a gonar?"

Suka ce, "Akwai ɗorawa, Allah ya gafarta Malam."

"A da can wa ke kaɗewa?"

"Gidan marigayi."

"Bana fa?"

Dattawan suka dubi juna. Ɗayan ya ce, "Gidan Aƙilu."

"Ta hana? Ta kai kuka wurin mai unguwa?"

"Ba ta ce komai ba, Allah ya gafarta Malam. Shi ya sa mu ma bakinmu ya mutu."

Mero ta ce an ce mata ne kada ta shiga. Alƙali ya ce ya ji, amma shi abin da ya faru a gona yake dubawa. Ya ba Aƙilu rantsuwa a kan shaidarsa ɗaya. Aƙilu ya yi alwala, ya rantse, aka ba shi gona, aka rufe shari'a. Ko gaskiya ya faɗa ko ƙarya, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa.

A waje, gindin wata bishiyar darbejiya, Raufu ya durƙusa a gaban Mero da wandonsa mai kari, cikin ƙasa, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya ce za su ɗaukaka ƙara, zai tsaya mata da kansa a babbar kotu, laifinsa ne, ta yafe masa. Maitama yana tsaye a gefe, ya san ɗaukaka ƙara ba ta haifar da komai bayan mutum ya rantse, ya ga irinta ta fi ɗari.

Mero ta ce, "Tashi, ɗana, kada ka ɓata tufafinka. Kai a bakin kasuwa ka tashi, ina za ka san ɗorawa? Alheri ka nufa."

Raufu ya tashi ya tafi nemo masu mota. Ya rage daga ita sai Maitama. Ya buɗe baki zai ba ta haƙuri irin wanda ake ba kowa, sai ta riga shi.

Ta ce, "Malam, ba kai ne ɗan Hajo mai daddawa ta Kafur ba?"

Ya ce, "Ni ne."

"Na san ta. Kalwarmu takan saya tun ina amarya. Tun da na shigo ofishinku na gane ka." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma ɓata fuska ba. "Da yaron nan ya ce in bar ɗorawa, ban yarda ba. Na ce a raina zan ce masa to, in na koma gida in ɗauki gorata. Sai na dube ka. Na ce ga ɗan Hajo nan, da daddawa aka yi masa wando, kuma ya tsufa a kotu. In akwai kuskure zai yi magana. Da na ga ka yi shiru sai na ce, ashe haka dokar gwamnati take yanzu. Kwana bakwai gorar tana jingine a bakin ƙofata, Malam. Saboda kai ban ɗauka ba."

Ta gyara ɗaurin zanenta. Raufu yana ɗago masu hannu daga bakin titi, ya samo mota, yana kira, "Malam! Malam, ku taho!"

Mero ta ce, "Je ka, yana kiranka. Ni a ƙasa zan koma, in sami abin da zan faɗa wa yaran kafin in isa."